Difens da Kwantirol

Muntaka na tsugune gaban wani allon langa-langa a tsakiyar gona, da babbar riga da hula zanna, sai ka ce wanda ya zo gaishe da surukai. Allon ya yi tsatsa, amma jan fentin bai goge ba. Kalma ɗaya ce a jiki: kwantirol. Shekara biyu ke nan kalmar nan ta hana shi sakat.

Bari ka ji yadda abin yake. Muntaka digiri na uku yake yi a fannin noma, a jami'ar da ke can wajen Rijiyar Zaki, kuma a kan gyaɗa yake bincike. Ya roƙi gonaki shida a ƙauyensu, Kukar Zubair, nan bayan Makoda, ya raba kowacce gida uku. Kashi ɗaya ya ba shi takin zamani. Kashi na biyu ya ba shi wani haɗi da ya sha wahalarsa a ɗakin gwaje-gwaje. Na ukun ba a ba shi komai, ko toka. Shi ne kwantirol. Aikinsa a duniya kawai ya rame, don a ga ƙibar 'yan'uwansa.

To shi wannan kwantirol ɗin, maimakon ya rame, sai ya yi ta zuba 'ya'ya kamar an aiko shi. Damina biyu, gona shida, kullum shi ne na ɗaya. Muntaka ya canza sikeli. Ya sake lissafi har kwamfutarsa ta fara zafi. Ya kai ƙasar awo, aka ce masa ta fi sauran ƙarfi. Ya ce daga ina? Ƙasa dai ba ta magana.

Ƙarar mashin ta katse masa tunani. Shafi'i ne, ɗan baffansa, mai faci a bakin tashar Makoda, kuma kocin ƙungiyar ƙwallon ƙauyen, wadda shi da kansa ya raɗa wa suna Gyaɗa Yunaited. Usur ba ya barin wuyansa, har masallaci.

"Dakta Biyar, da sassafe ana hira da allo? Ko ya fara amsawa?"

Haka suke kiransa. Daktan bai samu ba tukuna, amma biyar ɗin halalinsa ce. Shekara tara yana sa lamba biyar a bayan Gyaɗa Yunaited, a jami'a ma shi ne mai tsaron bayan ƙungiyar ɗaliban babban digiri.

"Kai ni tasha, Shafi'i. Yau ne."

"Yau ne me?"

"Difens ɗin mana. Ƙarfe sha biyu."

Shafi'i ya kashe mashin. "Difens? A jami'a? Da wannan ƙafar?"

Ƙafar kam tana da labari. Asabar ɗin da ta wuce wani ɗan gaban ƙungiyar garin Kunci ya taka ta da takalmi mai ƙusa, ta kumbura kamar doya. Bandeji ne a ƙarƙashin wandon.

"Ƙafa ba ta da aiki a ciki," in ji Muntaka. "Tsayuwa ce kawai."

"Haka kuka ce bara, aka zura muku uku muna kallo. Su wa za ka kara da su?"

"Mutum biyar. Farfesoshi."

"Farfesoshi? Masu tumbin nan? To kai da wa a baya?"

"Ni kaɗai."

"Kai kaɗai, su biyar."

"Haka ake yi. Su yi ta kawo hari, kana tarewa. In ka tare, ka wuce. In suka zura, shi ke nan, shekara shida ta bi ruwa."

Shi Muntaka kare kundinsa yake nufi, a zatonsa misali suke bugawa, irin na 'yan ƙwallo. Shafi'i kuwa sai murza usur yake.

"Ana barin 'yan kallo?"

"A buɗe yake. Kowa na iya shiga."

"To."

Ka san akwai "to" ɗin da ake faɗa a wuce, akwai kuma "to" ɗin da ake faɗa a je a nemo mota. Muntaka bai bambance ba.

A cikin bas ɗin Kano aka matse shi tsakanin buhun barkono da wata tsohuwa mai zakara. Ya buɗe takardunsa zai yi bita, waya ta fara. Shugaban ƙungiyar ci gaban ƙauye yana tambayar wasiƙar gyaran famfo, don Muntaka ne sakatare. Ya kashe, ɗan ajinsu ya kira, wai kada ya manta atisayen yamma. Ya kashe, wani ya kira yana so a cike wa ƙanwarsa fom ɗin makaranta. Kafin su wuce Dambatta ya ce "in sha Allahu" sau bakwai, bai karanta layi ɗaya ba. Zakara ya tsura masa ido, shi ma ya tsura masa. Ko zakaran ya fi shi sanin inda ya dosa.

Farfesa Raudatu, mai duba aikinsa, tana tsaye a ƙofar ofis lokacin da ya iso. Ya yi iya ƙoƙarinsa ya taka daidai. Wata uku da suka wuce ya rantse mata ya rataye takalmin ƙwallo.

"Me ya sami ƙafarka?"

"Ma, rami na faɗa."

"Ramin nan lamba nawa ce a bayan rigarsa?"

Muntaka ya sunkuyar da kai.

"Shigo." Ta rufe ƙofa. "Farfesa Kamaruddeen ne zai jagoranci zaman. Ya karanta kundinka, ya zagaye teburin sakamakon da jan biro har takardar ta huje. Muntaka, shekararka ta ƙarshe ce wannan. In suka ce kuskure ka yi, da sauƙi. In suka ce ƙirƙirar alƙaluman ka yi, ba gyara za a ba ka ba, ƙofa za a nuna maka, ni ma sunana ya shiga ciki. Zan tambaye ka sau ɗaya. Abin da ka rubuta, shi ka auna?"

"Wallahi shi na auna, Ma."

"To me ya sa ya fito haka?"

"Ma, ni ma tambayar da na zo da ita ke nan."

Ta dube shi ta saman tabarau. "Kada ka faɗi wannan a ciki."

Ɗakin taron ba shi da girma. Mutum biyar a dogon teburi, ɗalibai kamar goma a baya, fanka tana juyawa kamar ba ta so. Muntaka ya kunna majigi ya fara zuba Turanci. Gabatarwa ta tafi lafiya. Tarihin gyaɗa ya tafi lafiya. Ya fara jin ƙafarsa ta daina zogi. Sai hoton gona ya fito a bango, ga allon langa-langa, ga gyaɗa ta yi shar a bayansa.

Farfesa Kamaruddeen ya ɗaga biro. Dogo ne, siriri, ba tumbi ko kaɗan, kuma a hankali yake magana, irin mutanen da sai ka matso ka ji abin da zai kashe ka.

"Malam Muntaka, taimaka min. Gonar da ka ciyar ta sha kaye a hannun wadda ka bari da yunwa. A wuri shida. Sau biyu. Abu biyu ne. Ko dai ka gano abin da duniya ba ta sani ba, ko kuma a ɗakinka ka noma gyaɗar nan da biro. Wanne ne?"

"Ranka ya daɗe, akwai yiwuwar yanayin ƙasar…"

"Ka ce kafin shuka ƙasar duk ɗaya ce. Shafi na arba'in da biyu."

"Ko kuma ruwan sama…"

"Ruwan yana karanta allo ne, ya zaɓi inda zai sauka?"

Ɗalibai suka yi ƙasa da kai suna danne dariya. Muntaka ya dubi Farfesa Raudatu, ita kuma tana duban fanka. Can nesa ya fara jin wani sauti, ya ɗauka kansa ne ke ƙara. Kalangu. Sai usur. Sai wannan doguwar robar da ake busawa a filin ƙwallo, mai kukan saniya.

Sautin ya hawo bene. Ya biyo baranda. Ya tsaya a ƙofa.

Aka yi sallama, ƙofa ta buɗe. Shafi'i ne a gaba da ƙwallo a hammata. Bayansa ƙarti goma sha huɗu da korayen riguna, wasu har sun ɗaura takalma. A tsakiyarsu Baffa Nababa, mahaifin Shafi'i, Sarkin Noman Kukar Zubair, da malafa da sanda.

"Mun je fili ba kowa," in ji Shafi'i yana haki. "Muka tambaya ina ake difens ɗin Muntaka, aka nuno mana nan." Ya dubi teburi, ya dubi kujeru, ya dubi siminti. "A nan za a buga?"

Ya ƙirga mutanen teburin da ido. Biyar cif.

"Su wane ne waɗannan?" in ji Farfesa Kamaruddeen. Wannan karon da Hausa.

"'Yan'uwana ne, ranka ya daɗe. Sun… sun zo taya ni."

"Taya ka me?"

"Tsaron baya," in ji Shafi'i, amma muryarsa ta fara sanyi.

Muntaka ya so siminti ya tsage. Farfesa Raudatu ta dafe goshi. Amma doka ta ce zaman a buɗe yake, don haka aka ce su zauna, ban da kalangu. Suka jeru a baya kamar masu jiran canji.

Baffa Nababa ne kawai bai zauna ba. Ya tsaya yana kallon bango, ya matsa, ya ƙara matsawa, har inuwar malafarsa ta rufe rabin hoton.

"Wannan ai gonata ce. Ga kukar can. Ga kwantirol." Ya juyo yana murmushi. "Malam, ka ga gyaɗa ko? Ka faɗi tsakaninka da Allah, a duk Kano ka taɓa ganin kwantirol irin wannan?"

"Ban taɓa ba, Baba," in ji Farfesa Kamaruddeen. "Maganar da muke yi ke nan."

"Ai ba banza ba. Mangala tara-tara muka ba shi."

Fanka ta yi juyi uku kafin wani ya yi motsi.

"Mangalar me, Baffa?" in ji Muntaka. Shi kansa bai gane muryarsa ba.

"Taki mana. Kashin awaki, da tokar murhu, da na tantabara. A binne shi ya kwana arba'in. Na kakanka ke nan, ba a gaya wa kowa."

"Baffa, ba na ce kada a sa masa komai ba?"

"Ka ce. Ni ma abin ya ɗaure min kai. Yaro ya yi karatu har ya gaji, ya zo ya ce a ware gona a bar ta da yunwa? Sai na kira wannan," ya nuna Shafi'i da sanda, "na ce kai da ka iya boko, me aka rubuta a allon nan? Ya ce kwantirol. Na ce mene ne shi?"

Duk ɗakin ya juya. Shafi'i ya sauke ƙwallon daga hammata ya ɓoye ta a bayan kujera.

"To ai gaskiya na faɗa," in ji shi. "Kwantirol shi ne komai. Ɗan wasan da ba shi da kwantirol ɗan kallo ne. Na ce wa Baba wannan ita ce kyaftin ɗin gonakin, ita manya za su duba in sun zo."

"Ka ji," in ji Baffa. "Sai na gane kunya ce ta hana yaron roƙo. Ya san takin nan wahala gare shi. Na tara masu gonakin nan, na ce ɗanmu ba zai ji kunya a gaban malamansa ba muna raye. Muka yi gayya. Muka watsa, shanu suka bi da garma suka rufe. Kafin la'asar ko wari babu."

"Amma Baffa na tambaye ka. Har sau biyu na tambaye ka."

"Ka ce, Baffa, ko wani ya zuba na buhu a nan? Na ce a'a. Ƙarya na yi?"

Farfesa Raudatu ta sauke hannu daga goshi. "Baba, shi yana ina lokacin da kuke wannan gayyar?"

"Shekarar farko yana Kunci, Hajiya, suna wasan kusa da na ƙarshe. Bara kuma yana nan wajenku, shi ma ƙwallon ce. Ai da ranar muke daidaitawa, don kada ya ce zai taya mu ya ɓata hannunsa na biro."

"Mun ci ɗaya da nema a Kuncin," wani ya faɗa daga baya. Aka zungure shi.

Farfesa Raudatu ta dubi ƙafar Muntaka, kallon da ya fi takalmi mai ƙusa zafi.

Farfesa Kamaruddeen ya cire tabarau ya goge ido. Kafaɗunsa na rawa, amma ba sauti. Da ya gama, ya jawo takarda.

"Baba, kashin awakin kashi nawa, tokar kashi nawa?"

"Na ce ba a gaya wa kowa."

"To. Ku ba mu wuri."

Suka fita baranda. Mai kalangu ya rungume kayansa kamar jariri. Baffa ya dubi Muntaka, ya ga fuskar ba ta murna ba ce.

"Ɓarna muka yi?"

Muntaka ya dubi tsohon. Mangala tara sau shida, sau biyu, a bayan jaki, cikin zafin bazara. Ya rasa ko kuka zai yi ko godiya.

"Gyara kuka yi, Baffa. Gyaran ne ya yi yawa."

Da aka kira shi, shi kaɗai ya shiga. Hukuncin gajere ne. Ba ƙirƙira ya yi ba, wannan ta wuce. Amma aikin da ba shi da kwantirol ba aiki ba ne. Zai sake damina ɗaya. Yanzu gida huɗu zai raba, takin Baffa ya shiga layi da sunansa, in tsohon ya yarda ya buɗe baki. Ƙarin lokaci kuwa sai Farfesa Raudatu ta sa hannu.

Ta riƙe biron a sama. "Ba zan ce ka bar ƙwallo ba, na gaji da sa ka rantsuwar banza. Ba zan ce ka bar mutanenka ba, don yau su suka jefa ka, su suka tsamo ka. Abu ɗaya nake so. Ranar da za a taɓa gonar nan, ko kaza ce za ta yi tono, kana wurin. In kwantirol ya sake yin ƙiba, ban san ka ba."

Ta sa hannu.

Shafi'i ya tare shi a bakin bene. "Dakta Biyar, ni fa har yanzu ban gane ba. Mun ci ko an cinye mu?"

"Kunnen doki."

"To ai da sauƙi. Sai a sake bugawa."

Tare suka koma a bas ɗin da suka yi shata. Bayan la'asar Muntaka yana gona, ya tuɓe babbar riga, ya tsuguna gaban allon da gwangwanin fenti. Gabas ta yi duhu, iska na kawo ƙamshin ruwa daga wajen Dambatta. Ko'ina ka duba tsibin taki ne a gonakin mutane, ana jiran saukar farko.

Ya shafe tsohuwar kalmar. Sai kuma ya tsaya da buroshi a hannu. Me zai rubuta? In ya sa "kada a taɓa", sun riga sun nuna masa yadda suke fassara wannan. In ya sa "marainiya", kafin gobe an yi mata gayya biyu. Ya daɗe yana tunani, fenti na ɗiga a takalminsa. Can ya rubuta da boko, ya sake rubutawa da ajami a ƙasa, don kada a sake neman tafinta: tana azumi.

Shafi'i ya iso da koriyar riga a kafaɗa. "Ga lambarka. Asabar muna da Kunci, ramuwa. In an yi ruwa ma ranar za a fara huɗa, gari zai watse gona, mu mu tafi abinmu."

Kafin Muntaka ya amsa, sai ga Baffa Nababa ya biyo burtali da jakinsa, mangala cike. Ya tsaya gaban allon, ya bi ajamin da yatsa, yana motsa baki.

"Azumi take?"

"Azumi take, Baffa."

"Har yaushe?"

"Har kaka."

Tsohon ya jinjina kai. "To, mai azumi kam ba a karya masa. Allah Ya ba da lada." Ya ja jakinsa. Taku uku ya yi, ya tsaya, ya waiwayo, ya dubi busasshiyar ƙasar, ya dubi mangalar.

"Amma dai ka san ko mai azumi yana sahur."

Muntaka ya karɓi rigar daga kafaɗar Shafi'i, ya zura, ya je ya zauna a gindin allon, ya miƙe ƙafar mai bandeji tsakanin jakin da gonar.

"Koci," in ji shi, "Asabar ka nemi wani. Ina da difens."